Jannatu Ba Ta Zuwa Legas

Tun da ya yi sallama a zaure na san akwai magana. Badruddeen ba ya zuwa gidanmu ranar Talata, ba ya kuma zuwa da farin alli a hannun rigarsa. Daga makarantar da yake koyar da lissafi a Ɗan Iya ya wuto Ƙofar Wambai, ko gida bai biya ba.

Na shimfiɗa masa tabarma, na ajiye ruwa. Bai taɓa ba.

"Ni'ima, sun kira ni."

"Su wa?"

"Kamfanin jirgin da na je jarrabawarsu kafin azumi. Sun ɗauke ni."

Ban san lokacin da goshina ya taɓa ƙasa ba. A nan zauren, mayafina yana zamewa, na yi sujada ina kuka. Alhamdulillahi kawai bakina yake iya faɗa.

Wanda bai san abin da muka gani ba zai ce na cika zumuɗi. Sama da shekara biyu ke nan da Badruddeen ya gama makarantar tuƙin jirgin sama. Ranar da ya dawo da lasisinsa har rago aka yanka a gidansu a Gubi, yara suna binsa suna kiran Kyaftin. Mahaifinsa, Baffa Hammawa, rabin garkensa ya sayar don wannan karatun. Kowa ya ɗauka kafin wata ya zagayo shi zai kwashi alhazan Bauchi.

Sai ga shi duk kamfanin da ya je, amsa ɗaya ce: ba ka yi awanni da yawa a sama ba. To a ina zai yi su, tunda ba wanda ya ba shi jirgin? Wasu su ce ya fita waje da aljihunsa ya koyo irin jirgin da suke da shi, sannan su duba. Cikin abokan karatunsa wani yana sayar da wayoyi a Kano, wani ya shiga banki. Shi kuwa duk shekara sai ya je an gwada masa ido da kunne da zuciya don kada lasisin ya mutu, ya dawo ya ɗauki allinsa.

Mahaifina Malam Auwalu bai taɓa ƙin shi ba. Cewa ya yi, "Yaron yana da hankali. Amma ke ba budurwa ba ce, kina da marainiya a hannu. Ya samu aikin da ya karanta, ko ya cire jirgi a ransa ya kama wani abu sosai, sannan ya turo manya."

Ga shi yau aikin ya samu.

Na ɗago ina goge fuska, sai na ga shi bai yi murmushi ba.

"Lafiya? Ko ba ka gaya wa Baffa ba ne?"

"Legas ne, Ni'ima."

Na koma na zauna a gefen tabarmar.

"Su za su kai ni horon, su biya komai. Amma zan sa hannu in yi musu aiki shekaru masu yawa, ba sauyin gari. Sun ce zuwa Juma'a in amsa, in ba haka ba akwai ɗaruruwa a bayana."

Abin da ya tsaya min a rai shi ma ya san shi. Jannatu ce, 'yata, shekararta biyar. Tana da shekara biyu Abbanta ya rasu a hanyar Jos. Kakarta, Inna Bintu, wadda ta haifi marigayi, gida biyu ne tsakaninmu da ita. Ranar da ta ji ana zancen ina da manemi ta kira ni, ta riƙe hannuna, ta ce, "Ki auri wanda ranki ya so, ba zan hana ki ba. Amma jinin ɗana ba ya barin Bauchi ina raye." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da na samu abin riƙewa. Mahaifina kuma ya gaya min gaskiya, in na yi aure na bar gari, ko gaban alƙali aka je ba lallai a bar min ita ba.

"Ba zan karɓa ba," in ji Badruddeen.

"Me ka ce?"

"Na yi tunani tun daga aji har nan. Zan kira su in ba su haƙuri. Wani zai zo, wataƙila a Abuja, wataƙila a Kano."

"Yaushe?"

"Allah ne ya sani."

"Allah ne ya sani, kuma Shi ne ya kawo wannan. Badar, ka dube ni. Shanun Baffa fa?"

"Baffa zai fahimta."

"Zai yi shiru, ba fahimta ba ce. Kai ma yau za ka yi shiru. Amma wata rana jirgi zai wuce ta saman gidanmu kana gyaran jarrabawar yara, ka ɗaga kai, ka sauke idonka a kaina. Ba zan iya zama da wannan kallon ba."

"To ki biyo ni."

"In bar ta?" Muryata ta fashe. "Yarinyar da ba ta barci sai hannunta yana cikin gashina? Ƙirjinta yana kamawa da an yi ruwa, ni kaɗai na san tarin da ake jira da wanda ake gudu asibiti. In bar ta in tafi, ta rasa uba ta rasa uwa, don ni na samu miji?"

"Ban ce ki bar ta ba. Wallahi ban taɓa cewa ba."

"Na sani."

"To me kike so in yi? In na karɓa na rasa ki, in na ƙi kin ce ba ki yarda ba." Ya sa bayan hannu ya share idonsa, alli ya shafa masa a kunci. "Ni'ima, lokacin da kowa yake min dariya ke kaɗai kike tambayata abin da na karanta yau. Ba don ke ba da tuni na bar lasisin nan ya mutu."

Na ja numfashi. Kuka ba ya hana ni lissafin rayuwa, haka Allah ya yi ni.

"Gaya min gaskiya. Sabon mataimakin matuƙi, yana kwana a gidansa kullum?"

Ya girgiza kai. "Ina fa. Eunice, 'yar ajinmu da suka ɗauka bara, ta ce ɗakinta a Ikeja jaka kawai take canzawa a ciki. Yau Fatakwal, gobe Kano. Sai dai ana tara musu ranakun hutu a haɗe, ta zo ta ga iyayenta."

Wata magana ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye ta. Wace mace ce a garin nan za ta buɗe baki tun kafin a ɗaura aure ta ce ba za ta bi mijinta ba? Gobe a ce 'yar Malam Auwalu tana gindaya sharaɗi, ta raina shi don ba shi da komai. Danginsa su ji, su ce bazawara ce, ta fi ƙarfinsa. Shi kuma na ga bai ma hango ta ba. A idonsa namiji in ya yi aure, inda yake nan matarsa take.

Muna cikin haka aka yi sallama. Hafizu ne, ƙanin marigayi, ya ɗauko Jannatu daga Islamiyya kamar yadda ya saba. Ta saki hannunsa ta ruga ta faɗa jikina.

"A'a, Kyaftin!" in ji Hafizu. "Yau a zaurenmu aka sauka? Ban ji ƙarar injin ba."

"Barka da yamma, Malam Hafizu."

"Yawwa. Ya yara da lissafi? Ka ga ni kekena na ɗinki ma ya fi jirginka tafiya."

"Hafizu," na ce, "ya isa. Ya samu aiki."

Dariyar ta tsaya. "A ina?"

"Legas."

Ya dubi Jannatu, ya dube ni. Ya jira har Badruddeen ya yi mana sallama ya fita, sannan ya tsuguna a bakin tabarma.

"Matar Yaya, kin san ba wasa nake ba. Shagona yana nan bakin kasuwa, ɗakin Yaya yana nan yadda kika bar shi. Ki dawo gidanki. Jannatu ta tashi a gaban kakarta, ba wanda zai ce da ita agola. Me kike nema a Legas?"

"Kai ƙanina ne, Hafizu. Ni na koya maka dafa taliya."

"Na girme ki da wata bakwai."

"Duk da haka."

"Ki yi tunani. Shi zai tashi sama ya bar ki. Ni ina ƙasa."

Ba ƙarya ya yi ba. Hafizu bai taɓa bari Jannatu ta nemi wani abu ta rasa ba, kuma ina gode masa har gobe. Zuciyata ce kawai ba ta taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba.

Washegari da hantsi na yi wa Jannatu wanka, na dama wa Inna Bintu kunun gyaɗa irin wanda take so, muka tafi. Niyyata in durƙusa in roƙe ta. In ta ƙi, in kira Badruddeen in ce ya karɓi aikinsa ya manta da ni. Na riga na shirya kalmomin, na maimaita su har sun daina ƙona min baki.

A ƙofar gidan na ga takalman roba irin na makiyaya, da sanda a jingine.

Baffa Hammawa ne zaune a zaure, da ƙwaryar nono a gabansa an rufe da faifai. An fito wa Inna da kujera 'yar tsuguno ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, Hafizu yana tsaye jikin bango. Sau ɗaya na taɓa ganin Baffa, daga nesa. Kunya ta kama ni, na juya zan koma.

"Shigo," in ji Inna. "Ai maganarki ake."

Na tsuguna na gaishe su, kaina a ƙasa. Jannatu ta haye cinyar kakarta, Inna ta zagaye ta da hannu biyu.

Baffa ya gyara zama. Hausarsa a hankali take fita, da karin Fillanci a ciki.

"Hajiya, kamar yadda na fara gaya miki. Jiya yaron nan ya zo ya ce min ya fasa aiki. Na ce don me? Ya ce akwai yarinya, akwai kaka, ba za a raba su ba. Na ce to madalla, ashe na haifi mutum. Amma na kasa cin tuwo. Da gari ya waye na hau keke na ce bari in je in ga kakar nan da idona."

"Ga ni ka gani," in ji Inna. "In roƙo ka zo, Malam, ka yi haƙuri. Ɗana ya fita da safe ya ce min sai ya dawo. Wannan ce kaɗai ta dawo min."

"Ban zo karɓar ta ba. Ni ma ba zan yarda a kai ta ba."

Inna ta ɗago. Ni ma na ɗago.

"Hajiya, ni makiyayi ne. Tun ina saurayi, da ciyawa ta bushe nake kaɗa shanu in yi kudu, har bakin Binuwai. Uwar Badaru ban taɓa ɗaga ta ba. Tana gida da yara da tsohuwata, ni ina daji. Ruwa ya sauka in dawo. Haka ubana ya yi. A wurinmu mai bin shanu ba ya jan iyali, wahala ce kawai zai ba su. Na sa yaron nan ya yi min bayanin aikinsa tun daga farko, na ga ai kiwo ne. Yau nan, gobe can. In ya kai yarinyar mutane Legas, wa za ta gani? Bango."

"To ya za a yi ke nan?" in ji Hafizu.

"Shi ya tafi. Ita ta zauna."

Inna ta taɓe baki. "Mu nan cikin gari amarya gidan mijinta take tarewa. Me za a ce? An ɗaura aure an bar ta gaban iyayenta kamar mai yaji?"

"Gidan mijinta za ta tare. Gidan ne zai zama a Bauchi. Legas masauki ne."

"A Gubi? Da waɗannan gwiwoyin nawa? Ai da Gubi da Legas duk ɗaya ne a wurina."

Baffa ya yi dariya, haƙoransa na gaba biyu babu. "Na so a ce Gubi, in samu mai dama min fura. Amma na ga gwiwoyin. A nema musu a unguwar nan, inda in kin yi kira za a ji. Ni uban miji ne, ni na faɗa. Duk wanda ya ce yarinyar nan ta ƙi bin mijinta, a turo min shi."

Hawaye suka cika min ido. Maganar da na haɗiye jiya ce, ga ta ta fito daga bakin da babu mai zarginsa.

Inna ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana shafa kitson Jannatu. Can ta juyo gare ni.

"Ke fa? Kar ki ji daɗin baki ki amsa. Na san zaman jira, na yi shi da mahaifinsu yana fatauci. Yarinya ta yi zazzaɓi ba shi, salla ta zo ba shi. Ki ji an ce jirgi ya samu matsala, ki kasa haɗiye ruwa. Miji na 'yan kwanaki a wata, za ki iya?"

"Inna," na ce, "shekara uku na yi ina jiran wanda na san ba zai shigo ba. Wannan in ya tafi, da yardar Allah zai dawo. Zan iya."

Sai Inna ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suna motsi. Na matsa da gwiwa na kama ƙafarta, muka yi ta kuka, Jannatu tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya tana shirin fara nata. Baffa ya kau da kai yana kallon titi.

"Inna, ni fa?" in ji Hafizu. "Shi ke nan?"

Ta share fuska. "Kai na so, Allah ya sani. Na so ta dawo ɗakinta in mutu ina ganinsu. Amma ka ji da kunnenka. Ba a kanka take wannan kukan ba."

Ya janye daga jikin bangon. Ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa ja.

"Allah ya sa alheri, matar Yaya. Amma ki gaya wa Kyaftin, Islamiyya ni zan ci gaba da kai Jannatu. Ba na son gardama."

"Ba wanda zai yi maka," na ce. "Na gode, Hafizu. Allah ya ba ka wadda ta fi ni."

Ya juya ya fita.

Inna ta buɗe faifan, ta leƙa nonon, ta mayar. "Malam, kun turo manya wurin Malam Auwalu kuwa?"

"Daga nan can na nufa, in an ba ni hanya."

"Hafizu ya tafi, ba mai raka ka. Ka fita ka yi dama, gida na uku, mai dakalin siminti. Ka ce masa Bintu ta amince." Ta ɗaga yatsa. "Amma ka ji, ranar Alhamis Jannatu a nan take kwana. Kuma ba ta hawa jirgin nan, ko na yawo ne, sai na sani."

"Mi yetti, Hajiya, na gode. Allah ya saka."

Sai ta sassauta hannuwanta daga jikin Jannatu. A hankali ta sauke ta daga cinyarta, ta gyara mata hijabi, ta ɗan tura ta wajena.

"Tashi ki bi uwarki."

Na miƙe tsaye. Na ɗauki 'yata, duk nauyinta, na fito.

A lungun da ke tsakanin gidajenmu na tsaya na ciro waya. Na kira Badruddeen, sai a karo na biyu ya ɗauka. Na ji hayaniyar 'yan aji a bayansa, ya ce su yi shiru, ya fito waje.

"Ni'ima? Yanzu nake shirin kiran su in ba su haƙuri. Kar ki hana ni, na riga na..."

"Ka kira su ka ce ka karɓa."

"Na gaya miki ba zan..."

"Baffa yana hanyar gidanmu. Inna ta amince. Kai za ka tafi, mu muna nan Ƙofar Wambai, a gidanka, ka dinga dawo mana."

Har na duba wayar ko ta katse.

"Baffa?" ya ce. "Baffana?"

"Shi. Da ƙwaryar nono."

Na ji ya saki wani numfashi mai kama da dariya mai kama da kuka. Sannan a hankali, kamar mai tsoron amsar, ya ce, "Da Jannatu?"

Na dube ta. Ta kwantar da kai a kafaɗata, yatsunta sun shige ƙarƙashin ɗankwalina suna neman gashina.

"Da Jannatu," na ce.